Darasi: In ma'aikaci ya ji rauni wajen aiki

Lauje, injin niƙa da tsanin gini suna ciyar da iyali, amma sukan ji wa mai aiki rauni. Wanda ya san abin yi ranar haɗari, ya tsirar da lafiyarsa da hakkinsa.

Taimakon farko

In jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta har ya tsaya. A wanke rauni da ruwa mai kyau da sabulu. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai: ta nan ciwon dahi ke shiga, wanda ke sandare haƙora da wuya. In ƙuna ce, a yi ta zuba ruwan sanyi minti 20. In maganin ƙwari ya shiga ido, a wanke shi da ruwa minti 15. Wanda ya faɗo daga bisa, kada a murɗa masa wuya ko baya wajen ɗauka.

Bayan haka a tafi likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A karɓi takardar shaida daga hannun lokotoro, a adana ta tare da takardun sayen magani.

Abin da doka ta tanada

Tun 1965 ƙasar Nijar ta kafa asusun kula da ma'aikata, wato CNSS, wanda jama'a ke kira Kes. Mai ba da aiki shi kaɗai ke zuba kuɗin haɗarin aiki, ba a cire shi daga albashin ma'aikaci. Haɗarin da ya auku bisa hanyar zuwa aiki ko ta komawa gida, shi ma haɗarin aiki ne.

1. Ka sanar da maigidanka nan take, kai ko wani naka.
2. Ka rubuta rana, da lokaci, da sunayen waɗanda suka gani.
3. Wajibi ne maigida ya kai sanarwa cikin awa 48.
4. In ya ƙi, kai ko iyalinka kuna iya kai ta da kanku kafin shekara 2 su cika. Ku nufi ofishin Kes ko na sufeton aiki na jiharku.

Kes ke biyan kuɗin magani. Tana kuma ba ka rabin kuɗin yininka har kwana 28 na farko, daga nan kashi 2 cikin 3. Misali: mai albashin jika 90 a wata, yininsa jika 3 ne. Zai samu jika 1 da rabi kowace rana, daga kwana na 29 kuma jika 2. In rauni ya bar naƙasa, lokotoro zai auna ta a biya diyya. In rai ya yi halinsa, matar mamaci da marayunsa suna da rabo.

Manomin da ke aikin gonarsa ba ya cikin wannan tsari. Amma duk mai aikin albashi ya tambayi maigidansa lambarsa ta Kes tun yana da lafiya. Kada kuma ka sa hannu ko ka dangwala yatsa bisa takardar da ba ka karanta ba. Ga ranar karatunka.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a sa toka a rauni?
2. Awa nawa aka ba maigida ya kai sanarwa?
3. Mai albashin jika 60, nawa zai samu a yini cikin kwana 28 na farko?