Me Ya Sa Farashin Kan Kanta Yake Saɓawa Da Na Wurin Biya, Kuma Yaya Wayarka Za Ta Taimake Ka?



Mu da muka taso a Gangara da kasuwannin Sabon Birni da Isa, ciniki da baki muka sani: ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama. Amma ranar da ka shiga babban kanti a Sakkwato ko Kano, babu tayi, na'ura ce ke yanke kuɗi. A nan rigima ke tashi. Ka ga an rubuta an karya farashin madara zuwa N4,000, ka je wurin biya allo ya nuna N5,200. Kai ka ce cuta ce, kashiya ta ce ita abin da kwamfuta ta nuna ta sani.

Babu farashi a jikin bakod

Layukan nan baƙaƙe da ke jikin kaya, wato bakod, lamba ce kawai, yawanci mai alƙaluma 13. Ukun farko suna nuna ƙasar da aka yi wa lambar rajista, na Najeriya 615 ne. Na ƙarshe kuma aikinsa tabbatar da cewa na'ura ta karanta daidai. Tun ranar 26 ga Yunin 1974 da aka fara sikanin fakitin cingam a wani kanti a jihar Ohio ta Amurka, haka tsarin yake: na'ura ta karanta lamba, ta tambayi rumbun bayanan kantin, shi kuma ya ba ta farashi.

Ke nan farashi biyu ake da shi: na takardar da mutum ya liƙa a kanta, da na cikin kwamfuta. Idan aka gyara ɗaya aka bar ɗaya, saɓani ya samu. Shi ya sa ma manhajar karanta bakod ta wayarka ba za ta faɗa maka kuɗin kayan ba, domin ba ta da hanyar shiga rumbun kantin.

Inda matsalar ke fitowa a lokacin ragi

1. A manhaja, ragi yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Da wa'adin ya cika, tsohon farashi zai dawo da kansa, takarda kuwa tana nan sai an cire ta da hannu.
2. Kowane girman kaya da lambarsa. Ragin na ƙaramin gwangwani ne, kai ka ɗauko babba.
3. An liƙa sabon bakod na ragi, kashiya ta sikana na asali.
4. Akwai kuma kantin da ke barin abin haka da gangan.

Doka tana bayanka

Sashe na 115 na dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ya hana a karɓi kuɗin da ya haura wanda aka nuna. Idan farashi biyu aka nuna, mafi ƙanƙanta ne naka. Ranar 16 ga Fabrairun 2024, hukumar FCCPC ta rufe kantin Sahad da ke Garki a Abuja bisa zargin cewa kuɗin wurin biya ya fi na kan kanta, kafin ta sake buɗe shi bayan kantin ya amince zai gyara.

Abin da za ka yi da wayarka

1. Ka ɗauki hoton takardar farashin tare da kayan, yadda suna da girma da ranar ƙarewar ragi za su fito. Wayar tana adana lokacin da aka ɗauki hoton.
2. Ka riƙa haɗa lissafi a kalkuleta tun kana zagayawa.
3. A wurin biya, idonka a kan allo. Kada ka tura kuɗi ko ka sa lambar sirrin katinka sai jimilla ta yi daidai da taka. Gyara kafin biya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman a dawo maka da kuɗi.
4. Idan an samu bambanci, kada ka yi wa kashiya ihu. A yawancin manhajojin kanti ba ta da izinin canza farashi. Ka nemi manaja, ka nuna masa hoton.
5. Ka karɓi rasit, ka ɗauki hotonsa nan take, domin rubutunsa yana gogewa, musamman a zafi irin namu.
6. Idan an ƙi saurarenka, ka kai ƙorafi a shafin FCCPC na intanet tare da hotunan biyu.

Wanda ya biya kuɗin mota daga Sabon Birni zuwa Sakkwato ba zai sake komawa saboda N1,200 ba. Don haka ka duba rasit ɗinka tun ba ka bar bakin ƙofa ba.

Mu haɗu a darasi na gaba, in sha Allah.