Kalmar Dariya a Larabci da Hukuncinta Cikin Salla

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Kalmar dariya Bahaushiya ce, daga aikatau "dara" ta fito, ba aro ba ce. Takwararta a Larabci kuwa ita ce "dahik", wadda malaman zaure ke furtawa "lahiku", domin sun saba mayar da harafin lodi "l", kamar yadda aka yi a alwala da larura.

Malam Ibnu Faris, wanda ya rasu a shekara ta 395 bayan Hijira, ya bayyana cikin Maƙayisul Luga cewa asalin ma'anar waɗannan haruffa uku shi ne buɗewa da bayyana. Saboda haka ne Larabawa ke kiran haƙoran da ke fitowa yayin dariya "dawahik". Haka kuma sukan ce ƙasa ta yi dariya idan tsiro ya keto ta. Manomin rani na Kura da Bunkure ya fi kowa gane wannan. Idan aka sako ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya bi magudanan Kadawa cikin hunturu, sai busasshiyar ƙasa ta buɗe da alkama da tumatir. Abin da ke ɓoye ya fito fili, kamar yadda farin cikin zuci ke fitowa a fuska.

Shi ma sunan Annabi Is'haƙu, wanda Hausawa suka mayar Isiyaku, ma'anarsa a Ibrananci ita ce "yana dariya", kuma tushensa ɗan'uwan na Larabci ne. A Suratu Hudu, aya ta 71, an ba da labarin mahaifiyarsa Saratu ta yi dariya, sannan aka yi mata bushara da shi. Suratun Najmi, aya ta 43, ta nuna cewa Allah ne Mai sa dariya da kuka. Amma Suratul Muɗaffifina ta zargi masu yi wa muminai dariyar izgili. Ashe ke nan dariya kanta ba laifi ba ce, abin lura shi ne dalilinta da wurinta.

To, a nan ne sanin kalma ya shafi ibada. Malaman fiƙihu sun bambanta "tabassum", watau murmushi marar sauti, da "ƙahƙaha", watau ƙyalƙyalewa. Risalar Ibnu Abi Zaidin da littafin Ahalari, waɗanda almajirai ke karantawa a ƙasar nan, sun tabbatar da cewa dariya mai sauti tana ɓata salla, murmushi kuwa ba kome a kansa. Wanda ya yi ta a bayan liman sai ya bi shi har sallama, sa'an nan ya rama. Alwalarsa tana nan a mazhabar Imamu Malik, ko da yake Hanafiyya na ganin ta warware.

Don haka samarin da ke tsayuwar Azahar a bakin fadama, wani ya sa wani dariya cikin sahu, sai su sani ramuwa ta hau kansu. A bar raha sai an idar.

Allah Ya sa a dace, amin.