Nasiha ga Masu Tsofaffi a Gida

'Ya'yana, na san da yawanku kun ɗauka zancen korona ya wuce tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kanta a watan Mayun 2023. Cutar dai tana nan, kaifinta ne ya ragu, kuma irin mutanen da ta kayar jiya su take kayarwa yau.

Ku tuna Kano a watan Afrilun 2020, lokacin da masu haƙar kabari suka ce aikin ya fi ƙarfinsu. Bayan bincike, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma ana kyautata zaton kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce sanadi. Yawancinsu sun haura shekara 65, suna fama da wata cutar tun da can, fiye da rabi kuma a gida suka cika. Allah ya ji ƙansu.

Tun kafin nan likitocin ƙasar Sin sun ga haka. Cikin mutum 44,672 da aka tabbatar sun kamu, kashi 2.3 ne suka rasu. Amma a cikin masu ciwon suga abin ya kai kashi 7.3, masu ciwon zuciya 10.5, waɗanda suka kai shekara 80 kuwa 14.8. Hawan jini, ciwon ƙoda, ciwon huhu da ƙiba mai yawa duk suna cikin layin, kuma maza sun fi mata jin jiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Korona ba a huhu kaɗai take tsayawa ba, tana sa jini ya daskare a jijiya, to ina ga jijiyar da suga da hawan jini suka shekara goma suna ci?

Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri. Dattijo ya kwana uku da zazzaɓi, a sayo masa maganin maleriya a kemis, a ƙara da na taifod. Ka tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi, don kada ya ɗaga wa 'ya'ya hankali. Wannan cuta kuwa tana iya rage iskar oksijin a jini mutum yana zaune yana hira, bai ma ji sarƙewar numfashi ba. Akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, ba ta da tsada, ku ajiye ɗaya. In ta nuna 92 ko ƙasa, ku kama hanyar asibiti, ko da tsakar dare ne. Ku sani kuma a baƙar fata takan nuna sama da abin da yake, don haka in Baba yana haki ko magana ta fara rikice masa, kada lamba ta ruɗe ku.

In kun je, ku tafi da katinsa da duk magungunan da yake sha, har na gargajiya, a leda ɗaya. Ku gaya wa likita yana da suga tun kafin ya tambaya. Dalili kuwa, maganin deksametason, wanda binciken Jami'ar Oksfod ya nuna a 2020 yana rage mutuwa da kashi ɗaya bisa uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, yana tayar da suga ƙwarai, sai ana aunawa. Binciken bai ga amfaninsa ga wanda ba ya buƙatar oksijin ba, don Allah kada ku saya ku ba shi a gida.

Kafin a kai ga haka, ku riƙa kai tsofaffinku awon jini da suga ko suna lafiya lau. In an ɗora su a kan magani, ku duba kwalin da idonku, kada ya ƙare su yi shiru don nauyin tambayarku kuɗi.