Tsofaffin Kan Sarki

Yara, idan kun tsinci tsohuwar ambulan a akwatin kakanku, kada ku yi gaggawar jefar da ita. Ku duba kan sarkin da aka manna mata tukuna.

Kan sarki na farko ya fito a Ingila a 1840, da hoton kan Sarauniya Biktoriya. Nijeriya ta Arewa ta sami nata a 1900, aka daina buga su da aka haɗa Arewa da Kudu a 1914. A cikinsu akwai na fam 25, mai kan Sarki Edward, wanda ya fito a 1904. Kaɗan ƙwarai aka buga, shi ya sa masu tarawa ke sayensa da tsada.

Amma akwai na jabu. Ku ɗaga kan sarkin ga haske, ku nemi alamar kambi a cikin takardar, ku kuma gwada haƙoran gefensa da na wanda kuka tabbatar.

Na 1953 kuwa, na kwabo ɗaya da rabi, hoton gyaɗa ke kansa, irin wadda manoman Kiru da Bebeji suka saba kai wa Kano.