Tsohuwar Mahaƙar Dalma ta Zurak: Tarihinta, Ma'adananta da Alaƙarta da Kwallin Hausawa

Tsakure

Takardar ta dubi tsohuwar mahaƙar dalma ta Zurak da ke Ƙaramar Hukumar Wase a Jihar Filato. Ta bayyana ma'adanan wurin da alaƙarsu da kwalli, sannan ta nuna cewa ma'anar da ake bai wa kalmar kwalli ta shafi lafiyar jarirai kai tsaye.

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe ya san dutsen dalma, sai dai da sunan kwalli ko tozali ya san shi. Kalmar kwalli ta samo asali daga kuhl ta Larabci, tozali kuwa daga harshen Azbinawa, kuma daga kwalli aka samu kwalliya. Fatake su ne suka yaɗa wannan haja daga kwarin Binuwai zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Har yau masunta irin na Illo da Yawuri suna ɗaura dalma a bakin birgi domin ya nutse da sauri. Duk da haka, nazarin Hausa bai cika waiwayar ramukan da dutsen yake fitowa ba.

2.0 Tarihin Mahaƙar

Zurak tana cikin jerin wuraren dalma da tutiya da suka miƙe a kwarin Binuwai, daga Ishiyagu da Abakaliki a kudu, ta Arufu da Akwana a yankin Wukari, har zuwa Gwana a Jihar Bauci. 'Yan ƙasa ne suka fara tonon dutsen a wannan kwari domin kwalli. A zamanin mulkin mallaka Turawa suka shiga aikin a Zurak, suna bin jijiyar dutsen zuwa ƙarƙashin ƙasa, daga baya suka bar wurin. A 1952 J. L. Farrington ya wallafa bayanin wannan jeri a mujallar Economic Geology. Ƙauyen da ake kira Kampani Zurak yana riƙe da tarihin a cikin sunansa, domin kampani wani lafazi ne na kamfani. A shekarun baya-bayan nan masu haƙa da diga da shebur sun koma ramukan yankin.

3.0 Ma'adanan Wurin

Duwatsun kwarin Binuwai sun samu ne daga laka da yashi da suka kwanta a ƙarƙashin teku kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Ruwan gishiri mai zafi ya biyo tsagogin duwatsun, da ya huce sai ya bar ma'adanai a cikinsu. Shi ya sa ake samun maɓuɓɓugan gishiri irin na Awe da Keana a kwari guda da dalma.

Babban ma'adini shi ne galina, wato haɗin dalma da farar wuta. Kusan kashi 87 cikin 100 na nauyinsa dalma ce, ya fi ruwa nauyi sau 7 da rabi, ga laushi da ƙyalli, kuma yana fashewa murabba'i-murabba'i. Laushin nan ne ya sa yake niƙuwa ya zama garin kwalli. Abokin zamansa shi ne sifalarait, wanda ake samun tutiya daga gare shi. Akwai kuma sidarait mai ƙarfe da farin dutsen kwaz. Inda iska da ruwa suka daɗe suna taɓa galina, takan rikiɗe ta zama fararen ma'adanai irin su sarusait, waɗanda suka fi ta saurin narkewa a cikin ɗan Adam. A nan haɗarin tsohon juji na mahaƙa yake: daɗewarsa a fili tana ƙara masa illa.

4.0 Abin da ke Tattare da Suna

An saba fassara kwalli da antimoni, wanda wani ma'adini ne dabam. Gwaji ya nuna akasin haka. A 2012 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da gubar dalma ta kama ta hanyar kwallin da aka kai daga Nijeriya. An samu dalma kashi 82.6 cikin 100 a garin, rahoton kuma ya ambaci sunayen tozali da kwalli. Jariri yakan murza ido ya kai hannu baki, daga nan dalma ta shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa. Annobar Zamfara ta 2010, wadda ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum sakamakon niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, ta nuna girman wannan guba.

5.0 Kammalawa

Zurak ta haɗa tarihin fatauci da ilimin sunayen wurare da lafiyar al'umma. Takardar tana ba da shawarar a tattara tarihin baka daga dattawan Zurak da masu sayar da kwalli tun suna raye, a kuma gyara ma'anar kwalli da tozali a ƙamusoshin Hausa, ta yadda za a ambaci dalma ƙarara. Uwar da ta san cewa dalma ce a cikin tandunta za ta yi tunani kafin ta ranɓaɗa wa jaririnta.