Darasi: Karen Kiwo Mai Riga Biyu, Kada Mu Aske Shi

'Yan'uwa manoma, a wasu ƙungiyoyinmu an soma ajiye babban karen nan mai tsayayyun kunnuwa da ake kira Alseshan, domin gadin awaki da kaji da rumbu. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Sa'ad da bazara ta shigo, mai kare yakan gan shi yana haki, tausayi ya kama shi, sai ya ɗauko almakashi ya aske shi tas. Askin nan cutarsa yake yi. Abin da yake bukata shi ne mataji.

Asalinsa

Daga ƙasar Jamus karen nan ya fito. A shekarar 1899 wani hafsan soja mai suna Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwon irinsa. Aikinsa na fari kiwon tumaki ne, yakan yini a fili cikin ruwa da sanyi. Shi ya sa gashinsa ya sha bamban da na karnukanmu na gida, masu gajeren gashi a kwance.

Riga biyu

In muka buɗa gashin bayansa da yatsa, za mu ga iri biyu. Na sama dogo ne mai kauri, shi ke tare ruwa da rana da ƙudaje. Na ƙasa kuwa mai laushi ne kamar auduga, shi ke riƙe ɗumi. Mu kwatanta na saman da jinkar ɗaki. Wa zai yaye jinkarsa da bazara don ya sha iska? Ai rana ce za ta gasa shi.

Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum. Ta wurin haki yake fid da zafi, sai ɗan gumi a tafin ƙafa. In aka aske shi, fata takan buɗe ga rana da cizon ƙuda. Sau da yawa kuma gashin ba ya komawa daidai, gama na ƙasa yakan riga na sama tsirowa, su cukurkuɗe.

Abin da ke damunsa shi ne mataccen gashin ƙasa wanda ya tuge amma ya maƙale. Yakan dunƙule, ya hana iska kaiwa ga fata. A Turai sau biyu a shekara kare ke zubar da shi da yawa. A ƙasarmu mai zafi kuwa, kusan kullum zuba yake yi.

Yadda za mu yi

1. Mu taje shi sau 2 ko 3 a mako, kamar minti 15. In zubar ta yi yawa, kowace rana. Mu fara da matajin ƙarfe mai manyan haƙora, sa'an nan buroshi.

2. Mu bi yadda gashin ya kwanta, daga wuya zuwa wutsiya, kaɗan kaɗan, har mataji ya kai fata. Bayan kunne da hammata da cinyoyi sun fi dunƙulewa.

3. Da kaka ƙarangiya takan cika masa jiki. Mu shafa ɗan man gyaɗa, mu warware da yatsa. In ƙullin ya ƙi, mu sa mataji tsakaninsa da fata, mu yanke shi kaɗai.

4. Wanka kada ya wuce sau ɗaya a wata, sai in ya shiga ƙazanta. Mu taje shi tukuna. Ban da garin sabulun wanki. Mu ɗauraye sosai, mu tabbata ya bushe har ciki, gama laima a ƙarƙashin gashi takan kawo gyambo, musamman da damina.

Abin da mataji zai tona

Gashi mai yawa maɓoyar kaska ce. Mu duba cikin kunne da tsakanin yatsu. Mu kama ta da hantsaki dab da fata, mu ja a hankali, mu jefa ta cikin gwangwanin kananzir. Kaska tana kawo zazzaɓi wanda ya fi tsanani ga irin wannan kare. In ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari, ko ya yi haɓo, a kai shi wurin malamin dabbobi ran nan.

In muka ga kumburi mai ɗan rami a tsakiya, mai yiwuwa tsutsa ce. Wani ƙuda ne ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya ɓata. Mu toshe ramin da man basilin, mu jira kaɗan, mu matse ta waje, mu kuma share makwancinsa.

Kada mu shafa masa baƙin mai, ko kananzir, ko maganin feshin gona. Yakan lashe, guba ta kashe shi. Malamin dabbobi ne zai ba mu maganin da ya dace.

Maganin zafi kuwa inuwa ce da ruwan sha kullum. Lalle kuma a yi masa allurar ciwon haukan kare tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara, domin lafiyar mai tajewa da ta yaranmu.

Domin tattaunawa a taro

1. Wa za mu ɗora wa aikin tajewa, a waɗanne ranaku?
2. Yaushe aka yi wa karenmu allura ta ƙarshe?
3. In ba za mu iya hidimar nan ba, ashe karen gida bai fi mana ba?