Amsar Tambaya: Tsofaffin Kwamfutocin Ofis da Intanet

Tambaya: Kwamfutocin ofishinmu a haɗe suke da juna ta tsarin Novell NetWare, kuma manhajar lissafin kuɗinmu a kansa take. Za su iya shiga intanet?

Amsa: Malam, za su iya. Tsohon NetWare da ƙa'idar IPX yake aiki, intanet kuwa TCP/IP kaɗai take ganewa. Sai dai waya ɗaya da katin sadarwa ɗaya kan ɗauki ƙa'idojin biyu a lokaci guda, saboda haka ba sai kun canza wayoyi ba. A sa TCP/IP a kowace kwamfuta, a haɗa rauta ta riƙa raba musu adireshi. Tun daga NetWare 5 na 1998 ma uwar garken kanta tana aiki da IP.

Amma ga abin da ya dame ni. A cikin Windows na kwamfutocin tebur, Windows XP ce ta ƙarshe da ta zo da IPX, kuma Microsoft ya daina toshe mata kafofin ɓarna tun 2014. Idan XP ce ke kan kwamfutar da ke riƙe da lissafinku, bai kamata ta fita intanet a haka ba. Ku ware sabuwa don intanet, ku adana kwafin bayananku, sannan ku fara shirin ƙaura zuwa sabuwar manhaja tun yanzu.